Sayen Idon Mairo

A Gaya na gane cewa tafiyar nan ba irin wadda na saba ba ce. Gada a rufe take, manyan motoci sun jeru har ido ba ya kai ƙarshensu, duk mai son ƙetarawa Benin sai ya gangara bakin kogi ya nemi kwalekwale. Ni kuwa ruwan da na sani a Dakoro na rijiya ne, sai na tabki wanda ke ƙafewa kafin rani ya yi nisa. Na tsaya ina duban wannan ruwa mai tafiya, na ce a raina, wanda ya halicce shi dai shi ya halicce mu.

Mu uku ne: ni, da surukata Mairo, da ɗiyarta Nana. Nana tana da shekara uku sanƙarau ya kama ta. Ta tashi daga ciwon, amma kunnuwa ba su tashi tare da ita ba. Lokacin tafiyar nan sa'anninta duk sun shiga lakwal, wato makarantar boko, ita tana gida tana bin kaji. Mairo malamar kwantiragi ce. Ta je ta sami ansipekta, babban da ke duba malamai, ta ce masa akwai kurame a Dakoro da ƙauyuka, ba su da mai koya musu. Ya ce in ta kawo takardar da ke nuna ta iya koyar da kurame, zai ba ta kilas nata na kanta. In babu takarda, kada ta sake tayar masa da zancen. Aka samar mata wuri a wata lakwal ta kurame can kudancin Benin, kusa da teku, inda ake horar da malamai na wasu watanni, a ƙarshe a gwada su.

Mijinta ɗana ne na fari, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Ba ya iya barin dabbobi. Na ce mace ba ta tafiya ita kaɗai ƙasar da ba a san ubanta ba. Ba don na yarda da karatun na bi ta ba. Ni ban taɓa zama a kilas ba, kuma ban ga abin da hakan ya rage mini ba. Na bi ta ne don in sa ido.

Muna tsaye da kayanmu a bakin kogin sai ga wani saurayi, riga mai tsabta, Hausarsa irin tamu.

"Sannunku da hanya, Inna. Daga ganin tsagarki na san ta gida ce. Ni ma ɗan Mai Yara ne, can wajen Dakoro. Ku kawo buhun in kai ku wurin kwalekwalen da ba ya yoyo."

"Ɗan gidan wa a Mai Yara?" na ce.

Ya yi dariya maimakon amsa. Dariyar ba ta yi mini ba. Na ɗora hannu a kan buhun, wanda ke ɗauke da hatsinmu da cuku da busasshiyar kuɓewa. Sai na waiga ban ga Nana ba. Can na hango ta, ta gangara, ƙafafunta cikin ruwa, tana bin wani abu mai ƙyalli, ga kwalekwale mai inji ya nufo wurin. Na ƙwala mata kira. Mairo ta ƙwala. Mutane suka taya mu. Yarinya ba ta waigo ba, da mi za ta waigo? Na saki buhu na ruga da waɗannan gwiwoyin nawa na fizgo ta. Da muka dawo, babu saurayi, babu buhu.

Mairo ta durƙusa tana kuka ƙasa-ƙasa, tana cewa laifinta ne. Na ce ta tashi, mutane na kallo. A cikin kwalekwale na riƙe hannun Nana har yatsuna suka fito a fatarta. Ba buhun ke raina ba. Abin da ke raina shi ne ina da jika wadda ko wuta za ta faɗa, ba ni da hanyar ce mata tsaya.

Daga Malanbil, garin da ke ƙetaren kogin, muka shiga kar, babbar motar fasinja mai zuwa kudu. Tun daga Faraku sama ta rufe, itatuwa suka matso bakin hanya har na ji numfashina ya ragu. A wurinmu in ka fita bayan gari kana hango raƙumi tun yana kamar ƙuda. A can ba ka ganin abin da ke bayan gida na biyu. Wata mata da ke kusa da ni, mai abin wuya da gicciye, ta ga ba mu ci komai ba tun safe. Ta ɓare dafaffiyar doya ta miƙa wa Nana, sannan ta miƙo mini. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata. Na karɓa. Har muka rabu ban san sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a.

A garin da lakwal ɗin take, aka sauke mu gidan wata gwauruwa da ake kira Maman Selestin. Ta yi shekaru tana kai atamfa kasuwar Maraɗi, Hausa ta zauna a bakinta ko da yake a karkace. Ɗanta Selestin kurma ne, a lakwal ɗin ya yi karatu, yanzu tela ne da shagonsa da matarsa. Saboda shi ta iya maganar hannu, saboda shi kuma take saukar da masu zuwa koyon malanta.

Wahalar garin nan ba ta yunwa ba ce. Laima ce. In ka wanke zane yau, jibi ma bai bushe ba. Tabarma tana wari, gishiri yana narkewa a kwano, gumi ba ya barin jiki. Abincinsu manja da rogo da wani farin tuwo mai tsami da ake naɗewa a ganye. Cikina ya ƙi shi mako biyu. Wata rana Maman Selestin ta dawo daga kasuwa ta ajiye ƙullin leda a gabana. Hatsi ne, ɗan kaɗan.

"Wurin masu sayar da abincin tantabaru na samu," ta ce tana dariya. "Yi haƙuri, Hajiya, a nan tsuntsu ke cin abincinku."

"Ban je Makka ba, kada ki ɗora mini," na ce. "Kuma tantabarunku sun fi ku hankali."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Na daka a turminta na doya, na dama fura babu nono. Da na kurɓa, sai da na juya baya don kada Mairo ta ga fuskata.

Kowace safiya muna tafiya lakwal mu uku. Nana an sa ta cikin ƙananan yara, Mairo tana cikin masu koyon malanta, ni kuma ina zama gindin wani mangwaro daidai tagar kilas, inda nake ganin kowa. Na zaci wurin kurame shiru zai yi. Ina! Ga buga ƙafa a ƙasa, ga tafi, ga dariya mai ƙara wadda mai ita ba ya jin ta. Babban malaminsu Mushe Kosi, wato Malam Kosi, shi ma kurma ne, gajere mai tumbi, fuskarsa ba ta zama wuri ɗaya. Ran farko ya zo ya tsaya gabana, ya dube ni tsakiyar ido, ya nuna ni da yatsa, ya ɗaga gira. A Dakoro wanda ya yi mini haka sai ya ji abin da bai taɓa ji ba. Na kawar da kai. Da na ba Maman Selestin labari, ta ce tambaya yake wace ce ni, kuma a wurinsu kawar da kai kamar toshe kunne ne ana yi maka magana.

Ina zaune ina kallo, na fara gane yadda aikin yake. Da safe su koyi alamomin hannu. Da rana a ba kowane mai koyo yara ya gwada koyarwa, Mushe Kosi yana gefe. Na ga hannu rabin magana ne kawai. Sauran rabin a fuska yake. In tambaya ce, gira ke tambaya. In abu babba ne, kumatu ke kumbura. In hani ne, fuska ke hanawa tun kafin hannu ya motsa. Kuma malami ba ya fara komai sai ya tara idanun yara duka a kan nasa.

Mairo ta fi kowa riƙe alamomi. Wannan na gani da idona, in an nuna sau ɗaya ta ɗauka. Amma in aka tsayar da ita gaban yara, sai ta sunkuyar da kai, hannuwanta su yi maganar a saitin ciki, ƙanana-ƙanana, kamar mai tsinar tsakuwa a shinkafa. Fuska kuwa kamar an shafe ta. Yara su dube ta kaɗan, su juya su kama hirarsu. Mushe Kosi ya zo ya ɗaga mata haɓa da ɗan yatsa, ta ƙara sunkuyawa.

Gaskiya, da farko abin ya yi mini daɗi. Na ce ga ɗiyar mutane, an kawo ta ƙasar da ba a san kunya ba, ba ta zubar da tata ba. Shekarun da ta yi a gidana ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ko yarinya mai sunana ta gani sai ta ce mai sunan Inna. Ba ta miƙo mini ruwa a tsaye. Haka uwata ta yi wa uwar mijinta, haka na yi wa tawa.

Da tafiya ta yi nisa, wata rana da la'asar Maman Selestin ta zauna kusa da ni tana gyaran kifi.

"Mushe Kosi ya yi wa ɗiyarki magana yau," ta ce. "Ya ce in aka yi gwaji haka take, ba zai sa hannu a takardarta ba."

"Don mi? Ba ta fi su duka sani ba?"

"Ta sani. Amma ya ce yaro kurma ba ya karatu a tsakar kan malami. Ido yake nema."

Ta ci gaba da kankare kifinta, can ta ce, "Kin san kowa a lakwal yana da sunan hannu? Yara ke raɗawa. Abin da suka gani a jikinka, shi ne sunanka." Ta taɓa wushiryarta, ta ce nata ke nan. Ta zana tumbi a iska, na gane Mushe Kosi. Ta taɓa kunne inda Nana ke da ɗan kunne guda, ɗayan ya ɓace a hanya. Sannan ta nuna ƙasa da yatsu biyu daga idanunta.

"Wannan Mairo ce," na ce.

"Ita ce."

"Ni fa?"

Ta ce kifin nan ƙaya gare shi. Na ce ba kifi na tambaye ta ba. Ta goge hannu a zane, ta ɗaga hannuwa biyu sama kamar mai magana, sannan ta sake su suka faɗi a cinya, jagwab.

"Mi ke nan?"

"Wadda in ta shigo, hannuwa ke faɗuwa."

"Wa ya raɗa?"

Ta dubi ƙofar ɗakinmu, inda Nana ke wasa. Ba sai ta faɗa ba.

Washegari da hantsi, ranar babu lakwal, na ce za ni bakin titi in sha iska. Na fita, na zagayo ta bayan ɗaki inda taga take. Na ga abin da ban taɓa gani ba. Mairo tana zaune a tabarma, Nana a gabanta, tana ba ta labari da hannu. Ta zama kura, ta zama akuya, ta zare ido, ta kumbura kumatu, ta karkace baki. Nana tana birgima don dariya, tana mayar mata da amsa, yatsunta kamar ana kaɗa su. Ashe yarinyar nan tana da surutu. Ashe uwarta tana da fuska. Na zagayo na yi sallama a ƙofa. Kafin in cire takalmi hannuwa huɗu sun sauka a cinya. Nana ta dube ni irin duban da ake yi wa hadarin da ya tashi ana tsakiyar wasa.

Ban ce na yi kuskure ba, kuma har yau ban ce ba. Gidan da babu kunya na ga yadda yake ƙarewa. Amma na zauna na auna abin. In Mairo ta koma babu takarda, babu kilas. In babu kilas, Nana ta koma bin kaji, ta girma, a aurar da ita ga wanda ba ta iya ce wa ya cuce ta ba. Kuma ni in mutu ban taɓa ce wa jikata tsaya ta tsaya ba.

Na fara da abin da ya fi sauƙi, na daina zuwa gindin mangwaro. Mako guda ina gida ina fama da laima. Maman Selestin ta kawo labari cewa an ɗan samu sauƙi, amma da Mushe Kosi ya shigo kilas, ko wani mai furfura ya wuce ta taga, kai ya koma ƙasa. Sai na gane ba zamana a wurin ne ke danne ta ba. Duk babban da ta gani, ni take gani. In na ɓuya, ban cire komai ba.

Kunyar nan da take yi, ni ake yi wa. Haƙƙina ce. Abin da yake nawa kuwa ina da ikon in sallama shi. Amma irin wannan ba a sallama shi da baki kawai, a ce daga yau ki daina. Ba za ta yarda ba, za ta zaci gwada ta nake. A gidanmu amarya ba ta yi wa uwar miji magana sai an sayi bakinta a gaban shaidu. Na Mairo da 'yar akuya ja na saye shi, ran da ta tare, kuma tun daga ranar take gaishe ni da murya. Abin da aka ƙulla da al'ada, da al'ada ake kwance shi.

Ran Juma'a bayan la'asar na aiki Maman Selestin ta sayo goro. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ce ta zauna ita ce shaida. Na zaunar da Nana a gefe. Na kira Mairo. Ta zo ta durƙusa nesa, kai a ƙasa.

"Matso."

Ta matso.

Na kwance bakin zanena na fito da tandun kwallina. Na fata ne, aikin matan Azagor, uwata ta bar mini shi, ya yi baƙi don tsufa. Ɓarawon Gaya bai same shi ba, don a jikina yake kwana.

"Mairo, da mi na sayi bakinki?"

"Da akuya, Inna."

"Ta haihu?"

"Ta haihu, Inna, har jikoki."

"To ban yi asara ba. Yau idonki nake saye. Ga tandu, ga goro, ga shaida. Kin sayar?"

Ta ƙara sunkuyar da kai.

"Inna, ni ban isa ba."

"Ban tambaye ki ko kin isa ba. Ciniki nake. Kin sayar ko in tahi wani gida?"

Maman Selestin ta tuntsire da dariya, ta ce, "Sayar mata, ɗiyata, tsohuwar nan ba ta iya tayi biyu ba."

Da ƙyar na ji ta ce, "Na sayar."

"To kawo kayana in gani."

Na tsoma maɗigi a tandu. Duk wadda aka taɓa sa wa kwalli ta sani, ba a sa shi kai a sunkuye, ba a sa shi ido a rufe. Na kama haɓarta na ɗaga. Ta runtse. Na ce ta buɗe ko in tsone ta. Ta buɗe. Shekara da shekaru muna gida ɗaya, sai ranar na san idanun surukata ba baƙaƙe ba ne sosai, akwai ja-ja a ciki kamar na zuma. Hawaye suka wanke kwallin farko. Na sake sawa. Suka sake wankewa. Na ce ni ba ni da gaggawa, kuma tandun cike yake. A karo na uku ya zauna. Nana ta matso tana kallonmu, baki buɗe, sannan ta miƙo tata fuskar. Na sa mata ita ma.

Kada wani ya zaci daga ranar komai ya gyaru. Abin da aka shekara ana lanƙwasawa ba ya miƙewa da la'asar ɗaya. Na koma lakwal, amma ba gindin mangwaro ba. Na sa Maman Selestin ta roƙi Mushe Kosi ya bar ni in zauna cikin yara in Mairo na gwaji. Ya dube ni, ya dubi ɗan bencin, ya zana faɗina a iska, yara suka fashe. Na ƙyale shi. Na zauna, gwiwoyina kusa da haɓata.

Ran nan tana koyar da alamar ruwa. Na yi ta a karkace da gangan. Ta gani, ta wuce. Na sake yi, na ɗaga hannu sama yadda kowa zai gani. Ta tsaya kusa da ni, ta ce ƙasa-ƙasa, "Inna, ba haka ba ne."

"Da baki kika faɗa. A nan ni kurma ce."

Ta dube ni, ta girgiza kai, ta kama yatsuna ta gyara. Daga baya ma ba sai na yi da gangan ba, yatsun tsufa ba sa jin magana, ta gyara ni har ta gaji. A haka na koyi ruwa, da zo, da tsaya, da ci, da kaka. Kowace safiya kafin mu fita ni ke sa mata kwalli, don kada ta manta wa ke da idon.

Ranar gwaji aka zo da baƙi biyu, namiji da mace, duka manya, suka zauna a gaba da alƙaluma. Na yi niyyar tsayawa waje. Mushe Kosi da kansa ya fito ya kama hannuna ya kai ni bayan kilas ya zaunar. Na gane nufinsa. In za ta faɗi, ta faɗi yau, kada ta faɗi a Dakoro.

Darasin iyali aka ba ta: uwa, uba, wa, ƙane, kaka. Yaran ba ƙanana ba ne, manya aka ba ta, masu ƙiriniya. Ta fara da kyau. Kai a ɗage, hannu a saitin ƙirji. Da ta zo kan kaka, wata doguwar yarinya da ta fi kowa rashin ji ta juyo ta nuna ni, ta ɗaga hannuwa ta sake su a cinya, jagwab. Na kusa da ita ya yi. Kafin ka ce mi, kilas duka suna yi suna dariya, wasu har da buga benci. Baƙin suka dubi juna. Matar ta fara rubutu.

Na ga hannuwan Mairo sun fara sauka. Na ga haɓarta ta nufi ƙirji. Ban motsa ba, ban yi tari ba. Abin da zan yi na riga na yi.

Sai ta ɗaga ƙafa ta buga a ƙasa. Daɓen ya amsa har cikin ƙashina. Yara suka juyo. Ta haɗe gira, ta tsuke baki, ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya har ta kai kan doguwar nan, ta tsaya a kanta. Yarinya ta nemi wurin ɓuya ta rasa. Kilas ya yi tsit irin na gaske. Na san fuskar nan. Ban taɓa ganin ta a madubi ba, amma na sha ganin abin da take yi wa mutane. Tawa ce. Ashe duk shekarun da kanta ke ƙasa, tana kallo.

Sannan ta saki fuska. Ta miƙa hannu ta nuna ni da yatsa, a gaban baƙi, ta dube ni tsakiyar ido. Ta yi alamar kaka. Ta yi tsohon sunan, ta share shi da tafin hannu kamar mai share allo. Ta ɗora yatsunta a gefen baki ta ja su zuwa kunne, yadda tsagata ta Gobirawa take. Ta ɗaga gira ga yara: ku yi. Suka yi. Ta sa kowa ya tashi ya nuna yadda tasa kakar take, mai sanda, mai taba, mai faɗa. Har namijin baƙon ya ajiye alƙalami yana dariya. Lokaci ya ƙare yara ba su so tashi ba.

Surukata ta kira sunana a bainar jama'a. Na zauna ina jiran in ji haushi, bai zo ba.

Ba ita ta zo ta ɗaya ba. Wani saurayi daga Togo ne ya zo. Amma Mushe Kosi ya sa hannu a takardarta, ya kuma ce wa Maman Selestin ta gaya mini fuskar ta makara amma ta iso. Na ce ta gaya masa ya rage cin doya. Ta gaya masa. Ya rungume tumbinsa kamar za a ƙwace.

Ran da za mu taso Maman Selestin ta ba ni atamfa, na ba ta ragowar goro, na mayar mata da turminta na doya da na gyara mata bakinsa. Ba mu yi kuka ba, mu ba yara ba ne. Ta dai riƙe hannuna har kar ta fara motsi.

A bakin kogi, wajen dawowa, muna jiran kwalekwale, Nana ta sake zamewa ta nufi ruwa. Wannan karon ban ƙwala kira ba. Na cire mayafina na kaɗa shi ta gefen da za ta gani. Ta waigo. Na haɗe gira na yi mata tsaya. Ta tsaya. Na yi mata zo. Ta zo da gudu, ta ja yatsu daga baki zuwa kunne, ta nuna ruwan, ta kumbura kumatu: Kaka, babba ne. Na kumbura nawa. Na ce ƙwarai, babba ne.

Ansipekta ya cika alkawari, ko da yake kilas ɗin na zana ne, a ƙarshen filin lakwal. Yara sun fara zuwa, na cikin gari da wasu daga Birnin Lalle, har da wani makiyayi da ya kawo ɗiyarsa a bayan raƙumi ya ce a gwada. Nana ce ke gaba, ita ke raɗa wa sababbi suna. A gida kuwa Mairo har yanzu a durƙushe take miƙo mini ruwa, ban hana ta ba. Sai dai in ta miƙo, tana dubana.

Kwanan baya wata maƙwabciyata ta tare ni a bakin rijiya, ta rage murya kamar mai kawo ta'aziyya.

"Wance, an ce surukarki tunda ta dawo ta yi ido. Wai a lakwal har manya take nunawa da yatsa, tana zare musu ido. Ke ba ki gani ba?"

Na ɗora tuluna a ka, na gyara gammo.

"Na gani," na ce. "Idon nawa ne, ni na saye shi. Kuma ban saye shi don a ajiye a ƙasa ba."